Ƙofar da Ba a Buɗe wa Miji

A gidan Ortwin Sasse akwai ƙofa ɗaya da ba shi da ikon buɗewa, kuma kaf garin Wennscheid babu wanda bai san haka ba. Shi yake share gabanta, shi ya shafa mata fenti da hannunsa, amma duk lokacin da matarsa Almut za ta danna lambobin sirrin sai ta ce, "Juya, Ortwin." Shi kuwa ya juya ya fuskanci bango, kamar ɗalibin da malami ya tsayar a lungun aji.

Ba wulaƙanci ba ne, doka ce. Almut ta gaji shagon sayar da bindigogin farauta daga mahaifinta, tsoho Vollmer, shagon kuma manne yake da gidan, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da kicin. A bayan kantar shagon akwai ɗakin ƙarfe inda bindigogi da harsasai suke kwana, ƙofarsa ce Ortwin yake juya wa baya. Wanda ba shi da lasisin riƙe makami bai halatta ya san yadda ake buɗe ɗakin nan ba, ko da kuwa shi ke kwana gado ɗaya da mai shagon. Ranar da hukuma ta gano ya sani, ranar lasisin Almut zai tafi, shagon ya bi bayansa, har da tsohuwar bindiga mai baki biyu da mahaifinta ya bar mata. Ortwin ya san wannan kamar yadda ya san sunansa.

Lasisin ne dai ba shi da shi. Sau biyu ya zauna jarrabawar maharba. A ta farko aka miƙo masa muƙamuƙin barewa aka ce ya faɗi shekarunta daga haƙora, ya yi ta jujjuya shi har lokaci ya ƙare. A ta biyu ya kai har wurin fiɗa, ana farke cikin dabbar sai kawai ya tsinci kansa kwance a ciyawa ana yi masa fifita da hula. Daga nan ya haƙura, ya riƙe tuƙin bas ɗin 'yan makaranta, aikin da ya iya kuma babu jini a ciki. Ranakun babbar farauta shi ke tsayawa a bakin daji yana soya tsiran alade, yana jiran masu ƙaho da karnuka su fito. Mutanen garinmu kuwa, in sun sami abin tsokana ba sa sakinsa har kabari. Ba sa kiransa Sasse. "Herr Vollmer" suke ce masa, wato Malam Vollmer, da sunan gidan su matarsa, kamar shi aka aura aka kawo.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke ci masa rai shi ne, Wendelin ba ya juyawa.

Wendelin Droste shi ne maƙerin shagon. Tun yana saurayi ya koyi gyaran bindiga a hannun tsoho Vollmer, yana da lasisinsa, yana da lambobin ƙofar a kansa. Dogo ne mai furfurar gemu, maganarsa kaɗan, kuma tsofaffin garin har yau suna cewa da an bar wa tsohon zaɓi, Wendelin zai ba 'yarsa. Muddin matar Wendelin tana raye Ortwin bai damu da wannan zance ba. Da ta rasu sai shirun mutumin ya fara yi masa kama da shirun mai jira.

Ana nan sai lokacin sabunta lasisin shagon ya zo, hukumar gunduma ta ƙara sharaɗi: a kafa kyamarori, ɗaya a ƙofar shiga, ɗaya a kan kanta, ɗaya tana kallon ƙofar ƙarfe, kuma a riƙa ajiye hoton na wasu makonni. Maharba suka yi ta ɓaɓatu. Jupp, tsohon mahaucin garin, wanda shagon ya zame masa wurin hira, ya tsaya a ƙarƙashin kyamarar ya ɗaga mata hula.

"Ga fuskata, ku ƙare mata kallo! Ni da kakana ya yi farauta a dajin nan, yau ba zan sayi harsashi ba sai gwamnati ta ƙirga gashin hancina. Ɓarawo yana zuwa shago sayen bindiga ne? Mu masu takarda, mu ake gadi."

"To ka riƙa aske hancin," in ji Almut, tana ci gaba da shirya kwalaye.

Ortwin bai yi ƙorafi ba, domin na'urar da ke ajiye hoton a ɗakin wanki aka kafa ta, kusa da kicin, nan ne waya ta kai. Tsakanin jigilar safe da ta rana yana da awanni a gida. Da farko ya ce wa kansa yana dubawa ne ko na'urar tana aiki. Ba a jima ba ya kai kujera ɗakin wankin.

Hoton ba shi da sauti, wannan ne mugun abin. Zai ga Wendelin ya motsa baki, Almut ta jefa kai baya tana dariya, irin dariyar da rabon da ya ji ta a teburin cin abinci har ya manta. Me ya faɗa? Mutumin da bai cika magana ba, ina ya samo abin dariya? Zai ga ta kai hannu ta kakkaɓe masa ɓurɓushin katako daga kafaɗa. Ya mai da hoton baya, ya sake kallo, ya sake. Daga nan su biyun su nufi ƙofar ƙarfe, ta danna, su shiga, su janyo ƙofar. Ciki kuwa babu kyamara. Sai ya zauna yana kallon rufaffiyar ƙofa a allo, injin wanki yana juyawa a gefensa, kishi yana cinsa.

A nan ya koyi lambobin. Bai nema ba, haka yake gaya wa kansa, yatsun matarsa ne suka yi ta maimaita abu ɗaya a gabansa, shi kuma akwai maɓallin da ke rage gudun hoto. Bai taɓa gwadawa ba. Ya dai riƙe su a ransa, yana bitarsu a kan sitiyari, kuma suna yi masa daɗi. Yanzu su uku ne suka sani, ba su biyu ba.

Wata rana suna cin dankali da miyar naman barewa, ya kasa daurewa.

"Wai me kuke yi a ciki haka da daɗewa?"

"A ina?"

"A ɗakin ƙarfe."

Almut ta ajiye cokali ta dube shi. "Rawa muke yi, Ortwin. Yana busa ƙaho, ni ina takawa." Da ta ga bai yi dariya ba sai ta ce, "Kowace bindiga sai an duba lambarta, an goge ta, an shafa mata mai. Kana son taya mu? Je ka ci jarrabawa."

"Shi dai komai nasa daidai ne."

"Wendelin? Mutumin da ke cin tafarnuwa da sassafe? Haba tsohona." Ta tura masa kwanon dankalin. "Bar wannan. Kaka ta shigo, kowane lokaci Frau Kemper za ta iya faɗo mana. In ta tambaye ka?"

"Ban sani ba."

"In ta ce don Allah taimaka ka buɗe, sauri take?"

"Ban sani ba, ban taɓa sani ba, ni direban bas ne."

"Yauwa. Ci abincinka."

Frau Kemper ita ce jami'ar da hukuma ke aikowa duba ma'ajiyar makamai, ba ta kuma sanar da zuwanta. 'Yar gajeriyar mace ce mai fara'a, da jakar hannu da takalman roba, kuma fara'ar nan ita ce tarkonta. Kowa ya san labarin manomin ƙauyen gaba, wanda ta je gidansa ba ya nan. Matarsa, baiwar Allah mai karamci, ta ce ai ba sai an jira shi ba, ta ɗauko makullin ma'ajiyar bindigoginsa daga gwangwanin sukari, har da haɗa wa baƙuwa kofi. Kafin hunturu ya fita mutumin ba shi da ko bindigar harbin kurciya. Tun daga nan kowace mace a yankin ta haddace amsar, Ortwin ma ya haddace tare da su, kuma shekara da shekaru yana ba da ita daidai.

Frau Kemper ta zo ana gobe babbar farautar aladen daji. Almut ta fita karɓo kek ɗin da za a raba wa masu kora, masu koro wa maharba dabbobi. Shagon yana da mutane: Jupp a kan kujerarsa, wasu maharba biyu suna jiran harsashi, Wendelin a teburin aiki ya kwance wata bindiga, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. Ortwin ya dawo daga jigilar safe ke nan ya ji muryar jami'ar.

"Herr Sasse! Barka da hutawa. Mu fara da kyamarorin, ko za ka nuna min na'urar?"

Ya kai ta ɗakin wanki. Ta ce ya nuna mata hoton makon jiya, kafin ta rufe baki ya nemo shi. Ta ce ya matso da ƙofar ƙarfe, ya matso da ita, ya rage gudun hoton ba tare da an tambaye shi ba. Frau Kemper ta dubi allon, ta dubi kujerar da matashin da ya lotsa a kanta.

"Ka iya abin nan sosai," ta ce, cikin fara'a.

Suka koma shago. Ta tsaya gaban ƙofar ƙarfe, ta gyara jakarta, ta waiwayo kamar wadda abu ya faɗo wa a rai yanzun nan.

"Herr Droste hannunsa duk mai ne, kada ya ɓata maɓallan. Herr Sasse, taimaka ka buɗe mana mana."

Kowa ya gane tarkon, har Jupp ya fara murmushi yana jiran amsar da aka saba. Amsar tana bakin Ortwin, ya ma ja numfashi zai faɗe ta. Da Wendelin ya yi shirun da ya saba, da yau shagon yana nan. Amma tsoro ya kama maƙerin, ya taso da sauri yana goge hannu da tsumma.

"Shi? A'a, Frau Kemper, bai sani ba. Ba ruwansa da nan ko kaɗan. Almut ba ta gaya masa komai na ɗakin nan. Ni da ita ne kawai."

Ceto yake nufi, kowa ya ga haka. Amma Jupp ya kasa riƙe bakinsa.

"Ai Herr Vollmer aikinsa juya tsiran alade. In an zo buɗe ƙofa shi ma juya shi ake yi."

Maharban suka tuntsire da dariya. Ortwin bai ji dariyar sosai ba. Abin da yake ji shi ne, ni da ita ne kawai. A cikin gidansa, a gaban mutane, da bakin mutumin da aka kakkaɓe wa kafaɗa. Ya san dokar, ya san labarin gwangwanin sukari, ya san abin da zai biyo baya, babu abin da ya manta. Ya dai ratsa ta gaban Wendelin, ya ɗaga yatsa ya danna lambobin ɗaya bayan ɗaya, yadda ya ga matarsa tana yi.

Ƙofar ta yi ƙara, ta saki.

Ya ja ta ya leƙa. Bindigogi ne a jere a jikin bango, kwalayen harsashi, wata 'yar kujera, da tsohuwar rigar farautar tsoho Vollmer rataye a ƙusa. Warin mai da sanyin ƙarfe. Ya tsaya yana neman abin da ya yi watanni yana gani a ransa, bai san ma kamanninsa ba.

"Ortwin," in ji Wendelin a hankali. "Me ka yi?"

Frau Kemper ta daina fara'a. Ba ta yi kama da wadda ta ji daɗi ba. "Herr Sasse, ka yi tunani kafin ka amsa. A ina ka sami lambobin nan?"

Ta ga kujerar ɗakin wanki, ta san amsar, hanya take ba shi. In ya ce a hoton kyamara ya sata, ba da sanin matarsa ba, laifin Almut zai zama na sakaci: tara, gargaɗi, a sauya wa na'urar wuri, wataƙila shagon ya tsira. Sai dai zai faɗi haka ne a gaban Jupp, a gaban Wendelin. Zai ce shi, Ortwin Sasse, yana zama kusa da injin wanki yana leƙen matarsa. Kafin a busa ƙahon gobe labarin ya gama dajin.

Ya dubi Wendelin ido cikin ido.

"Matata ce ta gaya min. Ba ta ɓoye min komai."

Sai a lokacin ya lura idanun mutane ba a kansa suke ba. Almut tana tsaye a bakin ƙofar shago da faifan kek a hannu biyu. Ba wanda ya san tun yaushe take nan. Ta dubi ƙofar ƙarfe a buɗe, ta dubi mijinta, ta dubi kyamarar da ke saman kansa, kuma ya ga lokacin da ta gane komai.

"Frau Sasse," in ji jami'ar, "gaskiya ne abin da ya faɗa?"

"Almut, gaya mata!" in ji Wendelin. "Ke ba ki taɓa..."

"Yi shiru, Wendelin." Ta ajiye faifan a kan kanta, ta gyara masa zama. "Abin da mijina ya faɗa, shi ke nan. Rubuta."

Bayan kowa ya watse ya same ta a kicin tana yanka kek ɗin, domin masu kora za su ci gobe ko da me ya faru. Ya ce zai je ofishin hukumar ya faɗi gaskiya. Ya je kuwa, washegari da sassafe, ya bar tsiran aladen ga wani. Aka saurare shi da ladabi, aka ce kowane miji haka yake dawowa ya ce, kuma matar da kanta ta amsa a gaban shaidu.

"Me ya sa ba ki ƙaryata ni ba?" ya tambaye ta da ya dawo.

"Shekara nawa suna yi maka dariya a garin nan? Ka taɓa ganin na taya su?" Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. "Ba zan fara ranar ba. Kana son su ji matarka ba ta ɓoye maka komai, to sun ji."

Kafin dusar ƙanƙara ta farko takardar hukuma ta iso, an karɓe lasisin Almut. Wanda aka karɓe wa lasisi dole ya miƙa makamansa ga mai lasisi, kuma a duk yankin mutum ɗaya ne zai iya ɗaukar kayan shago guda. Wendelin ya zo da motarsa ya yi ta jigila. Ita mai baki biyun ya bar ta ƙarshe, ya naɗe ta cikin bargo, bai dubi kowa ba. Ya buɗe shagon da sunansa a ƙauyen gaba, a tsohon rumbun surukansa. Masu saye kuwa na Almut ne, ita suka sani, don haka kowace safiya takan ɗauki jakarta ta tafi can, tana sayar da takalma da riguna da abincin karnuka, abubuwan da doka ta bar mata ta taɓa.

Ba wanda ya ƙara ce masa Herr Vollmer. "Sasse," suke cewa, su gyaɗa kai su wuce. Jupp ma ya daina tsokanarsa, ya koma hira a ƙauyen gaba.

Ƙofar ƙarfe tana nan a buɗe, Almut ta tokare ta da bokiti don ɗakin ya sha iska. Ba wanda ya tuna ya kashe kyamarorin, kuma tsakanin jigilar safe da ta rana Ortwin yakan sami kansa a ɗakin wanki, yana kallon shagon da babu kowa. A sabon shagon ma akwai kyamarori, doka ɗaya ce. Allonsu yana gidan Wendelin.

Ya yi niyyar ba zai tambaya ba. Ya daure har wani maraice da ta dawo da ƙanshin man bindiga a rigarta, ta zauna tana cire takalmi.

"Yaya can ɗin?" ya ce. "Me kuke yi duk yini?"

Ta daɗe tana kwance igiyar takalmin.

"Ina sayar da safa," ta ce. "In zai buɗe ɗakin ya ɗauko bindigar Baba ya shafa mata mai, sai ya ce, 'Juya, Almut.' Sai in juya."

Ta ajiye takalman a bakin ƙofa, ta tambaye shi ko ya ɗora dankali.